Sabulun wanke-wanke a jikin kare: inda yake mini rana da inda na hana shi

Kwalbar da zan yi magana a kanta babu gidan da bai san ta ba: sabulun wanke-wanke na ruwa, koren nan mai ƙamshin lemun tsami, wanda ɗigo biyu ke cika baho da kumfa. Ba zan kama sunan kamfani ba, domin na kamfanoni iri-iri sun ratsa ta hannuna, kuma a kan abin da zan faɗa duk kanwar ja ce. A wajen kwanuka ba ni da ƙorafi ko ɗaya. Tukunyar da aka soya manja a ciki, faranti mai daskararren kitsen rago bayan Babbar Sallah, robar da aka ajiye man shanu, duk yana fitar da su tas. Aikin da nake so in auna shi a kai daban ne, ba a rubuta shi a jikin kwalbar ba amma mutane da yawa suna sa shi: wankan kare.

Ina da gonar kaji a wajen Zariya, ta hanyar Shika. Wanda ya zuba kaji a bayan gari bai ajiye kare ba, ɓarawo da tunku yake yi wa kiwo. Karnukana biyu ne. Duna ɗan gida ne, baƙi wuluk, gajeren gashi, irin wanda ƙura ba ta zama a jikinsa; ya yi birgima, ya tashi ya girgije, shi ke nan. Zaki kuwa ruwa biyu ne, uwarsa irin karnukan Jamus ɗin nan da 'yan sanda ke riƙewa, gashinsa hawa biyu, dogo a sama, mai laushi cunkus a ƙasa. A jikinsu na ga abin da sabulun nan ke iya yi, mai kyau da marar kyau.

Zaki daga gidan Kawuna na Kaduna ya zo mini, lokacin da ya koma gidan hayar da ba a yarda da kare ba. A can ƙa'ida ce duk ranar Asabar: yaron gida ya wanke mota, ya juyo kan kare da tiyo da sabulun kicin. Kawu mutum ne mai son tsafta, har alfahari yake yi cewa karensa bai taɓa tsallake wanka ba. Amma karen da aka sauke mini daga bayan mota gashinsa a bushe yake ƙayau, babu sheƙi ko kaɗan. In ka tura hannu ka shafa bayansa daga wutsiya zuwa wuya, sai farin amosani ya tashi ya manne maka a yatsu. Hammatarsa da matsematsinsa sun yi ja. Ba ya minti biyar a kwance bai ɗaga ƙafar baya ya hau susa ba. Sannan ga wari, wani irin tsami-tsami da ke bin hannunka ko ka wanke. Da na yi wa Kawu maganar warin a waya, cewa ya yi, "Ai shi ya sa ake wanke shi, ɗan nan. In aka bar shi ba ya shaƙuwa."

Kowa a gonar ya yanke cewa ƙazwa ce, har an fara ba ni shawarar baƙin mai. Na jira likitan dabbobin da ke zuwa yi wa kaji riga-kafi. Ya kankaro fatar da reza a wurare kaɗan ya tafi da ita, ya duba bai ga ƙwaron ƙazwa ba. Da ya dawo tambaya ɗaya ya yi: "Malam, da me ake masa wanka?" Na gaya masa. Ya ce a daina, ya rubuta mini wani shamfu na magani saboda wuraren da suka yi ja, ya ce kada in sa ran ganin canji a kwana biyu, domin fatar kare tana ɗaukar kimanin mako uku kafin ta sabunta kanta.

Abin da ke faruwa ba shi da wuyar ganewa. An haɗa sabulun wanke-wanke ne don abu ɗaya, ya kama maiƙo ya miƙa wa ruwa ya tafi da shi. Kowace ƙwayarsa baki biyu gare ta, ɗaya yana riƙe mai, ɗaya yana riƙe ruwa. Bai san bambancin kitsen rago a faranti da maiƙon da ke jikin fatar mai rai ba. Shi kuwa kare akwai 'yan jakunkunan mai a gindin gashinsa da ke tsatso maiƙo a hankali, ya bi gashin ya lulluɓe fatar. Shi ke sa gashi sheƙi, shi ke sa ruwan sama ya gangare bai ratsa ba, shi ke riƙe damshin fata kada ya tsere, ya kuma tare ƙwayoyin cuta. Ga kuma abin da yawancinmu ba mu ɗauka ba: duk da gashin nan, saman fatar kare ya fi namu siranta. Namu yakan kai hawa 10 zuwa 15 na ƙwayoyin halitta, nasa 3 zuwa 5 ne. Dubi hannun wadda ke wanke-wanke safe da yamma a tsakiyar hunturu, yadda bayan yatsu ke yin fari ya tsattsage sai an bi da basilin. To wannan hannu ne kawai, mai kaurin fata, ba jiki gaba ɗaya ba. A nan Zariya daga Disamba zuwa Fabrairu damshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Karen da aka kwashe masa maiƙo ranar Asabar, kafin jikinsa ya mayar wata Asabar ta zo.

Warin da Kawu ke yaƙa da shi ma daga nan yake ƙaruwa. Fatar da ta bushe tana ƙaiƙayi, kare ya sosa ya ji wa kansa ciwo, ƙwayoyin cuta da wani nau'in yis da dama can suke zaune a fatar su samu ƙofa su yaɗu, su ne masu tsamin. A ji wari a ƙara wanka, wanka ya ƙara buɗe musu hanya.

Za ka ji masu sayar da kayan karnuka suna ta maganar ma'aunin pH, wato awon tsami ko kanwar abu wanda 7 ne tsakiyarsa, cewa fatar mutum tana wajen 5.5, ta kare kuma ta fi kusa da 7 ko sama kaɗan. Gaskiya ne, amma a ganina ba shi ne babban laifin wannan sabulu ba, don shi ma ba shi da nisa sosai da 7. Laifinsa ƙwarewarsa ce a kwasar maiƙo.

Wannan ƙwarewar ce kuma ta sa har gobe akwai kwalba ɗaya a ɗakin ajiyar gonata. Wata rana yaron da ke kula da kaji ya juye baƙin man janareta a yankakkiyar jarka ya ajiye a bayan ɗaki. Duna ya biyo ɓera a guje ya kifar da ita, ya zame a ciki. Gefen jikinsa ɗaya, ciki da ƙafar gaba duk sun yi sharkaf, mai yana ɗiga daga gashin ƙirji. Abin da kare zai fara yi shi ne lasa, kuma nan haɗarin yake, don baƙin mai dafi ne a ciki. Muka ɗaure masa baki da tsumma. Yaron ya ce, "Oga, a kawo kananzir, da shi makanikai ke wanke hannu." Na ce masa, "Kai, rufa mini asiri." Kananzir da fetur suna ƙona fatar dabba, suna ratsa ta, in kuma ya lasa ya sarƙe suka faɗa huhu, an bar gyara an koma jinya.

Muka fara share abin da zai sharu da tsofaffin tsummoki. Sannan na sa safar hannu na zuba sabulun kai tsaye a kan gashin tun ba a jiƙa shi ba, don in ka fara da ruwa mai ba ya bari sabulu ya kama. Ina murzawa da yatsu daga wuya zuwa ƙasa, abin ya fara zama wani kunu mai launin toka, babu kumfa sam, man ya cinye ta. Da aka kwara ruwa mai ɗumi-ɗumi sai ga shi yana gangarowa baƙi, da wannan kalar bakan gizon da mai ke yi a saman ruwa. Wanki ɗaya bai fitar ba. Muka yi ta maimaitawa har kumfar ta fara tashi fara, alamar babu sauran man da za ta ci. Ɗauraya ta fi wankin ɗaukar lokaci. Ban bari ba sai da na matse gashin tsakanin yatsu na ji babu santsi, musamman hammata, ƙasan ciki da tsakanin yatsun ƙafa, inda sabulu ke laɓewa. Aka goge shi da tawul, ya kwanta a rana. Na kira likita na gaya masa, ya ce a sa masa ido ko zai yi amai ko kasala. Lafiya lau ya tashi, sai dai gashin wajen ya ɗan jima a bushe kafin sheƙinsa ya dawo. A wannan ranar shamfun kare mai laushi ba zai tsinana komai ba. Sabulun nan ya ci kuɗinsa har da riba.

Haka yake in kare ya taka gam ɗin ɓera ko kwalta ta manne masa, sai dai a nan da man gyaɗa ake farawa, a shafa a bar shi ya narkar da gam ɗin, sannan sabulu ya zo ya kwashe man gyaɗar. Haka kuma in maganin feshin gona ko fiya-fiya ya zube masa a jiki: a wanke da sauri da wannan sabulu da ruwa mai yawa, mai wankin ya sa safar hannu. Amma wanka ba ya fitar da abin da ya riga ya shiga jini. In ka ga yawu yana dalala, jiki yana rawa, ko zawo ya ɓarke, asibitin dabbobi za a nufa a lokacin, ba gobe ba.

Na lura yawancin masu kare hujjar wankan kare da shi daga bidiyon Facebook da TikTok suka ɗauko ta, inda ake nuna Turawa suna wanke tsuntsaye da wani sabulun kwanuka na Amurka mai suna Dawn, wanda har hoton ɗan agwagwa ake sa masa a kwalba. Labarin gaskiya ne. Lokacin da jirgin dakon mai na Exxon Valdez ya fashe a gaɓar Alaska a 1989, da lokacin da rijiyar da dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon ke haƙawa ta yi ta tsiyayar da ɗanyen mai a Tekun Meziko a 2010, da shi masu ceto suka wanke tsuntsayen ruwan da mai ya lulluɓe. Sai dai a duba yanayin. Tsuntsun da ɗanyen mai ya danƙare wa fuka-fuki mutuwa zai yi in ba a cire ba. Ana tsarma sabulun sosai a ruwan ɗumi, ƙwararru ne ke wankin, a ɗauraye har sai babu ɗigonsa, sannan a ci gaba da jinyar tsuntsun kafin a sake shi. Ceto ne na rana ɗaya, irin na Duna da baƙin mai. Babu wanda ke komawa teku duk Asabar ya kamo tsuntsun ya sake wanke shi.

Inda sabulun nan ya fi yaudarar mutane shi ne maganar ƙuma. Kuma ban ga laifin wanda ya yarda ba, don abin da ido ke gani yana da gamsarwa. Wata karyar maƙwabcin gonata ta haihu a cikin tsohon ɗakin da yake tara buhuna, 'yan kwikwiyon suka cika da ƙuma har in ka buɗe gashin cikinsu kana ganinsu suna gudu. Ɗan kwikwiyon da bai kai mako 8 ba yawancin magungunan ƙuma ba a ba shi, ƙuma mai yawa kuma tana iya shanye masa jini har dasashinsa ya yi fari. A nan na yarda a yi amfani da sabulun, kaɗan a cikin ruwan ɗumi mai yawa. Ana fara zagaye wuya da kumfa, don da sun ji ruwa kai suke haurawa su ɓuya a kunne da gefen ido. Cikin 'yan mintoci saman ruwan bahon ya cika da baƙaƙen ɗigo, wasu suna motsi kaɗan su nutse, ruwan kuma ya koma ja-ja saboda kashin ƙuma, wanda busasshen jini ne. Fuska ba a sa mata sabulu, da mataji mai ƙananan haƙora aka bi ta. Aka tsane su nan take aka naɗe a tsumma, don sanyi yana kashe ɗan kwikwiyo da sauri fiye da ƙuma.

Maƙwabcina ya ga baho ya ce an gama. Ganin kitse ake wa rogo. Sabulun ba dafi ba ne ga ƙuma. A ruwa zalla ƙuma ba ta nutsewa da sauƙi, jikinta yana da wani kakin da ke ture ruwa, saman ruwan kuma yana da ɗan ƙarfin da ke riƙe ƙaramin ƙwaro. Sabulu yana karya wannan ƙarfin ne, ruwa ya rufe ta ta mutu. Kowane sabulu mai kumfa zai yi haka, har shamfun kare. Da zarar gashi ya bushe aikinsa ya ƙare, ƙumar da ta hau bayan awa ɗaya babu abin da zai same ta. Kuma waɗanda ke jikin kare su ne 'yan kaɗan, kimanin kashi 5 cikin 100 na dukkan zuriyar. Sauran ƙwai ne da tsutsa da masu kwance a cikin kwanso, suna cikin ƙasa, buhu, tsumman kwanciya da tsagar daɓe. Mace ɗaya tana iya zuba ƙwai har 50 a rana, suna gangarowa daga jikin kare duk inda ya kwanta, na cikin kwanso kuma suna iya jira watanni. Ba a jima ba 'yan kwikwiyon suka koma yadda suke. Sai da aka fitar da buhunan, aka ƙona tsummokin, aka share ɗakin aka yi masa feshi bayan an kwashe su, aka kuma yi wa uwar magani, sannan aka ga sauƙi.

Mu masu kaji muna da wata ƙumar ta daban, ƙumar kaji, wadda ke kafa kai a fata ta zauna ba ta tsalle. A jikin kaza gefen ido da tukku take taruwa, a jikin kare kuma bakin kunne, ka gansu jere baƙi-baƙi. Wannan ko ka ƙarar da kwalba a kanta ba ta saki. Basilin nake shafawa ya toshe su, daga baya a tsince.

Kaska kuwa ba ta ma san an yi wanka ba. Na cire kaska da rai daga kunnen karen da aka gama wankewa yanzu, ƙafafunta suna motsi. Jar kaskar kare da ta fi damunmu a tsagar bango da ƙasan rufin ɗakin kare take ɓuya, mace ɗaya ta zuba ƙwai dubbai. Ita ce ke kawo zazzaɓin da ke sa kare ƙin abinci, dasashi ya yi fari, fitsari ya yi duhu, wani har haɓo. Ana cire ta ne da hantsaki ko yatsu a cikin safa, a kama dab da fata a ja a miƙe, ba a ƙona ta da ashana ba. Maganinta na gaske ko dai na ɗigawa a ƙeya irin su Frontline, ko na haɗiya irin su NexGard mai wata ɗaya da Bravecto mai wata biyu zuwa uku. Nan ma sabulun wanke-wanke yana da wata ɓarnar da ba a gani. Maganin ɗigawa ta cikin maiƙon fata yake bi ya bazu a jiki, a cikin jakunkunan man nan yake zama yana fitowa a hankali. Shi ya sa takardarsa ke cewa kada a yi wanka kwana biyu bayan an ɗiga. Wanda ya sayi magani da tsada ya ɗiga, sannan ya bi kare da abin da aikinsa kwashe maiƙo ne, da hannunsa yake rage wa maganin ƙarfi, ya dawo yana cewa an sayar masa da jabu.

Duk abin da na faɗa a kan na kamfani ne mai lambar NAFDAC. Akwai na haɗin gida da ake sayarwa a gorar ruwa, kore ko ruwan hoda, mai araha. Ba na raina sana'ar, mata da yawa da ita suke riƙe gida, ni ma ina saye don wanke mazubin ruwan kaji. Amma da soda ake haɗa shi, kuma awon hannu ne, na yau ba lallai ya zama ɗaya da na jiya ba. Wani in ka daɗe da hannu a ciki za ka ji yana cin fata. Wannan ko ranar baƙin mai ba zan sa wa kare ba in akwai wani. Omo ya fi shi muni. Ruwan kashe ƙwayoyin cutar da ake wanke bayi da shi, da fiya-fiya da wasu ke ɗigawa a ruwan wanka wai don kaska, da baƙin man da ake shafa wa mai ƙazwa, waɗannan ba su cancanci a tsaya auna su ba. Karnuka da yawa sun tafi ta nan.

Shi ma na kamfanin, ranar da ta kama a yi amfani da shi, ido da kunne ne abin tsoro. Ba a yi shi don ya kusanci ido ba, yana da zafi, yana iya yi wa baƙin ido rauni, kare kuma zai ƙara da murza fuska a ƙasa. In ya shiga, a yi ta zuba ruwa mai tsafta. In kare ya lashi kumfa kaɗan, abin da aka fi gani yawu ne da amai ko zawo. Kada a ce za a sa shi amai da gangan, kumfa tana iya faɗawa huhu. Bokiti da soson karnuka kuma daban suke a wurina, ba sa haɗuwa da na kicin ko na kaji, kwalbarsu ma daban.

Abin da na koma yi wa Zaki shi ne shamfun kare. Na maganin da likita ya rubuta, a jikinsa za ka ga an sa chlorhexidine da miconazole, ɗaya na ƙwayoyin cuta ɗaya na yis. Ba ya kumfa sosai, wanda ya saba da na kicin zai ɗauka ba ya aiki ya yi ta ƙarawa. Ƙamshinsa na asibiti ne. Abin da ya fi gundura shi ne sai an bar shi a jiki minti 10 kafin a ɗauraye, kuma riƙe jiƙaƙƙen kare mai ƙarfin Zaki na minti 10 aiki ne na mutum biyu. Da ya girgije kowa ya yi wanka. Amma jan ya baje, susar ta ragu, warin ya tafi. Da fatar ta warke na koma na yau da kullum marar magani. Tsada kam akwai, kuɗin kwalba ɗaya zai sayi na wanke-wanke da yawa, kuma ba kowane kanti ake samu ba, sai shagon magungunan dabbobi. Ina duba ranar lalacewarsa kafin in biya, don kaya ne da ke daɗewa a kanta ba a saya ba. Sai dai lissafin ba yadda ake zato yake ba. Ina tsarma shi a gora kafin in zuba, ya fi ratsa gashi mai hawa biyu, kuma lafiyayyen kare ba ya bukatar sabulu duk mako. Zaki wajen sau ɗaya a wata ne, a hunturu ma nakan ja fiye da haka, kuma da rana tsaka don gashin ƙasa ya bushe kafin sanyin yamma. Kwalba ɗaya tana kai ni nesa. In ta ƙare ban samu zuwa gari ba, shamfun jarirai ya fi mini na kicin.

Abin da ya fi shamfu aiki a jikinsa buroshi ne. Yana fitar da mataccen gashi da ƙura, yana baza maiƙon daga gindi zuwa baki, kuma a nan hannunka ke cin karo da kaska tun tana ƙarama, ko ƙurjin tsutsar nan da ƙuda ke sa wa karnuka da damina. Duna kuwa in ba wani abu ya taka ba, ruwa zalla ya ishe shi; in taɓo ne ma bari nake ya bushe a kakkaɓe.

Kawu ya zo gonar kwanakin baya ɗaukar ƙwai. Zaki ya taho da gudu yana kaɗa wutsiya, ya tsaya ya dube shi da kyau, ya ce karen ya yi kyau, iskar ƙauye ta karɓe shi. Na ce, "Kawu, wankan Asabar ɗin nan aka daina." Ya ce a'a, abinci ne, a gonar kaji kare ba ya rasa fasasshen ƙwai. Yanzu ya samu gida mai fili, an ba shi wani ɗan kwikwiyo, ya tambaye ni inda ake sayar da maganin kaska. Na rubuta masa, na ɗauko ragowar shamfun da ke ɗakin ajiya na sa masa a mota tare da kiret ɗin ƙwai. Ya ɗaga kwalbar ya karanta, ya tambayi kuɗinta, da na faɗa ya yi salati ya ce shi kansa bai taɓa wanka da sabulu mai wannan tsadar ba.